A Maido Da Ɗan Fodiyo Bisa Teku

A Ingila idan jirgin ruwa ya tsufa akan farfasa shi, amma ba a binne sunansa tare da shi. Dubi Queen Elizabeth: akwai jirgin yaƙi mai wannan suna da aka saka a ruwa cikin 1913, akwai kuma na fasinja na 1938, wanda gobara ta cinye a Hong Kong cikin 1972. Yau ma takwarori biyu ne a teku, ɗaya na fasinja, ɗaya na mayaƙan ruwa, ba kuwa wanda ya yi ƙarar an sace masa suna.

Mu fa? Cikin 1959 kamfanin jiragen ruwa na Nijeriya ya fara aiki da Dan Fodio da King Jaja da Oduduwa. Jiragen suka tsufa, aka rushe kamfanin cikin 1995, sunayen suka bi ruwa.

Rundunar mayaƙan ruwanmu ta san hanya, tun da yake cikin 2021 ta raɗa wa sabon jirgi sunan tsohon jirginta Lana. To, me zai hana ta yi wa waɗannan magada? Masu cewa sunan jirgin haja bai dace da jirgin yaƙi ba, sai su tuna Shehu Usmanu aka girmama da sunan, ba hajar da jirgin ya ɗauka ba.