Hamada ba ta san iyaka ba

Farin da aka yi daga 1968 zuwa 1973 ya kashe bisashe, ya tashi garuruwa, tun daga Senegal har Cadi. Ya nuna mana hamada ba ta tsayawa ga iyakar ƙasa. Don haka ran 12 ga watan Satumba 1973, a Wagadugu, ƙasashe shida, har da Nijar, suka kafa ƙungiyar yaƙi da fari, watau CILSS. A 1974 aka buɗe cibiyarta ta AGRHYMET a Yamai, mai bin lissafin ruwan sama da horar da ma'aikata.

Kukan ƙasa guda ba ya kai kunnen duniya. Da ƙasashen Afirka suka haɗa baki a taron Riyo na 1992, sai aka samu yarjejeniyar duniya ta yaƙi da hamada, wadda aka sa wa hannu a Paris a 1994.

Amma da sauran aiki. Kowace shekara cibiyar Yamai tana faɗin yadda damana za ta kasance. In labarin ya kwana cikin biro, manomin Dakwaro bai ji shi ba kafin shibka, tarurrukan ba su biya ba. Ma'aikatan gona, ku kai shi ƙauye, da Hausa, kan lokaci.