Wayar da ke Sace Salamar Masu Bi

A makon nan ma an sake yi. Da asuba, a zauren WhatsApp na wata Zumuntar Mata, wata uwa ta turo ayar safiya, ana ta amsawa da Amin. Kafin rana ta fito sai ga bidiyon gawarwaki, babu sunan gari, babu ranar da aka ɗauka, sai umarnin a tura wa kowa. Matan da suka tashi da addu'a suka wuni hankali a tashe, wasu ko abinci sun kasa ci.

Mai wannan shafi ya sha faɗa, kuma ba zai gaji ba: salamar da Almasihu ya bar wa almajiransa amana ce, tsaron ta ake yi.

A tuna da Rabaran Lawan Andimi, faston ekklesiyar EYN kuma shugaban ƙungiyar Kiristoci ta CAN na ƙaramar hukumar Michika, wanda Boko Haram suka kama a Janairun 2020. A bidiyon da suka fitar, yana zaune a hannun masu bindiga, amma muryarsa ba ta rawa. Ya shaida cewa bai karaya ba, domin kowane hali mutum ya shiga yana hannun Allah. Ya ce yana sa zuciya ga komawa wurin iyalinsa, in kuma hakan bai yiwu ba, nufin Allah ne. A watan ne suka kashe shi. Ekklesiyarsa ta riga ta ɗanɗana kuɗarta: yawancin 'yan matan Chibok da aka sace a 2014 'ya'yanta ne, kuma a shekarar aka mamaye hedikwatarta da ke Kwarhi. Irin natsuwar Andimi ba a kwana ɗaya ake samun ta ba. Shekaru ne na durƙuso da karatun Littafi Mai Tsarki. Manzo Bulus ma daga kurkuku ya gargaɗi Filibiyawa su bar damuwa, su kai roƙonsu ga Allah tare da godiya.

Wasu za su ce dole a san halin da ƙasa ke ciki, kuma gaskiya ne, addu'a ba ta ɗauke wa gwamnati nauyin tsaro ba.

Amma firgici kasuwa ce ga wasu. Masu kiran kansu annabawa su tsorata bawan Allah da mayu da maƙiyan cikin gida, sannan su sayar masa da kwalbar mai a matsayin kariya. Wannan zalunci ne, kuma abin kunya ne dattawa su zuba ido.

Fastoci da dattawan ikilisiya su tashi tsaye. Kowane zaure a naɗa masa mai kula, a goge bidiyon da ba a tantance ba, a ja kunnen mai turowa. Iyaye kuma su karɓe wayoyin gida kafin sujadar dare, nasu na farko.