Sirrin Tsaro ko Sirrin Farashi?

Ƴan uwa ɗalibai, wanda bai taɓa zuwa Sayam Forage ba ya daure ya je. Tun ƙarshen 2014 aka kafa sansanin, wajen kilomita 40 daga garin Diffa, har yau waɗanda Boko Haram ta koro suna ciki. A 2015 aka sa dokar ta-ɓaci, aka hana hawa babur, aka hana cinikin kifi da tattasai, wai don a toshe wa ƴan ta'adda hanyar kuɗi. Manomin bakin Komadugu ya haƙura, masunci ya naɗe koma, ɗan kabu-kabu ya jingine mashin. Ashe duk wannan lokaci akwai wata hanyar kuɗi a Yamai da ba wanda ya toshe.

A Fabrairun 2020, zamanin minista Issoufou Katambé, binciken ma'aikatar tsaro ya fito: miliyar 76 na sefa sun bi ruwa. Wasu kaya an ƙara musu farashi, wasu an biya ba a kawo ba. Ta yaya? Gwamnati ta sakar wa ƴan kwangila sayen makamanta. Ƴan jaridar OCCRP sun ambaci Aboubacar Hima, wanda ake kira Petit Boubé, cikin manyan masu shiga tsakani, suka kuma kawo misalin jirage biyu masu saukar ungulu da aka sayo daga Rasha a 2016 kan yuro miliyan 55, kuɗin da ya zarce ƙima nesa. A shekarar ce aka afka wa Bosso, ranar 3 ga Yuni. Daga baya Inates ta ci sojoji 71, Chinagodrar 89. Yaran talakawa ne, sa'o'inmu.

Ku lura da kalmomin da ake rufe mu da su. "Gré à gré", wato a ba mutum kwangila ba gasa, ba mai taya wa. "Surfacturation", abin da kakata za ta kira sata kai tsaye. Sai babbarsu, "secret défense". To, inda soja zai kwana sirri ne, mun yarda. Amma kuɗin takalminsa fa? Wa ake ɓoye wa, Boko Haram ko mu?

Za su ce ɗan kasuwa ya fi ma'aikacin gwamnati sauri, yaƙi kuwa ba ya jira. Haba! Wane sauri ne a kayan da ba su iso ba? Ko a kasuwar dabbobi dillali a gaban jama'a yake karɓar la'adarsa, mai saniya ya san nawa aka sallama. Dillalin da shi ke faɗin farashi, shi ke rubuta takarda, ba mai duba bayansa, kura ce aka ba ajiyar nama.

Da mutane suka fito a Yamai ranar 15 ga Maris 2020 suna neman shari'a, rayuka uku aka rasa, aka kulle Moudi Moussa, Halidou Mounkaila da Maïkoul Zodi. Masu tambaya su suka fara ganin kurkuku.

Abin da muke nema kaɗan ne. Gwamnati ta sayi makamanta da kanta, ƙasa da ƙasa. Duk kwangilar da aka ba ɗan kasuwa, a buga sunansa da farashin. Kada a biya sai an ƙirga kaya. Gwamnati ta sauya tun 2023, amma tambayar tana nan: nawa aka saya, wa ya kawo? Mu yi ta a aji, mu yi ta a fada, har a amsa.