Kafin ka sayi kyamarar ɗaukar biki



A makon jiya wani ɗan kasuwa na Bande, wanda zai aurar da ƴarsa bayan kaka, ya tare ni a tasha yana tambaya wace kyamarar bidiyo ta dace ya saya. Kafin in ba shi amsa, sai na ba shi labarin wani kaset da ke cikin akwatin mahaifiyata. An ɗauke shi ne ranar sunana, kuma a cikinsa akwai muryar kakana, Allah ya jiƙansa, yana addu'a. Na zagaya Magariya da Damagaram ina neman injin da zai buga shi. Guda ɗaya na samu, shi ma da muka saka sai ya soma cin zare, ala tilas muka cire. Ga kaset a hannu, amma har yau ban ji muryar ba.

Dalili shi ne kowane kaset da zamaninsa. Kamfanin JVC ya fito da VHS a 1976, Sony ya kawo Video8 a 1985, MiniDV ya biyo baya a 1995, kuma kowanne da injinsa daban. A 2016 Funai na ƙasar Japan, kamfani na ƙarshe mai ƙera injin VHS, ya daina. Saboda haka idan a kasuwar Dole ko a Sabon Garin Kano aka miƙo maka ta hannu mai cin kaset ko faifai, komin arharta ka bar musu abinsu. Nemi mai katin ajiya, wanda ƴan kasuwa ke kira memori, tun da kowace kwamfuta tana karanta shi. Katin giga 32 yana ɗaukar kusan awa huɗu na hoto mai kyau.

Abu na biyu, kunne kafin ido. Bayan shekaru ashirin, abin da ƴaƴanka za su nema shi ne muryar liman wajen fatiha da nasihar gwaggo ga amarya, ba adon rumfa ba. Duba ko kyamarar tana da wurin jona makirfo na waje, domin na jikinta iskar hunturu da kiɗan kalangu sukan danne shi.

Kada manyan lambobin zum da ke jikin kwali su ruɗe ka. Zum na gilashi shi ne ke jawo nesa kusa. Na lissafi kuwa kumbura hoto kawai yake yi har fuska ta dagule. Tambayi kuma tsarin wutarta: lantarkin Nijar da Najeriya bugu 50 yake yi a daƙiƙa, na Amurka 60. Kyamarar da aka tsara wa Amurka takan nuna hoto yana ƙyaftawa a ƙarƙashin wasu fitilu, alhali rabin bikinmu da dare ake yinsa. Ka haɗa da batir na biyu da jaka mai tare ƙura, don ba a dakatar da ɗaurin aure a jira caji.

Wani zai ce ai salula ta wadatar. Gaskiya ne tana ɗauka, amma salula ana sace ta, tana faɗawa rijiya, ana sayar da ita da abin da ke ciki. Ko da me ka ɗauka, ka kwafe shi wuri biyu kafin mako ya zagayo, ka ba wani ɗan'uwa ɗaya ya ajiye a gidansa, ka rubuta rana da sunayen mahalarta. Masu tsofaffin kaset kuwa, ku gaggauta kai su a juye tun zaren bai lalace ba.

Alhaji, amsarka ke nan. Allah ya sanya alheri, ya kai mu mako mai zuwa.