Wa ke duba masu duba 'ya'yanmu?

A watan Yulin 2025 ƙungiyar likitoci ta MSF ta sanar cewa yara 652 ne tamowa ta kashe a cibiyoyinta na Jihar Katsina cikin wata shida na farkon shekarar. An yi jimami, an yi ta maganar abinci da magani da tallafin waje da aka yanke, kuma daidai ne. Sai dai ba wanda ya tuna da nas ɗin da yaron ya cika a hannunta. Ita ce za ta lulluɓe shi, ta fita ta sanar da uwarsa, ta wanke hannu ta wuce gado na gaba.

Mu mutanen Batsari da Safana mun san irin yaran da ake kawowa asibiti daga ƙauyukan bakin Dajin Rugu. Ga yunwa, ga zazzaɓin cizon sauro, ga firgici. Wani a gabansa aka kashe ubansa, wani ya daina magana, wani ko ƙofa aka buga sai ya zabura. Ba mu manta harin Tsauwa da Dankar na Fabrairun 2020 ba. Shi kuma ma'aikacin da zai karɓe su galibi ɗan yankin ne, ta yiwu shi ma ya taɓa haɗa kuɗin fansar ɗan'uwansa.

A aikin gwamnati, in aka ce masu duba aiki sun zo, kowa ya san zancen: rajistar zuwa aiki, lissafin magani, sai takardar tuhuma. Wannan yana da amfaninsa. Amma a asibitocin yara na ƙasashe irin su Ingila akwai wani duban daban. Ma'aikaci zai zauna da wani ƙwararre da ya girme shi a sana'a, a lokaci tsayayye, su tattauna majinyacin da ya ba shi wuya, da yadda ya yi magana da iyaye, da abin da ya tsaya masa a rai. Zaman sirri ne, ba ya shiga fayil ɗin ƙarin girma.

Wani zai ce, Malam, asibitin da ba ma'aikata isassu, ina lokacin zaman hira? Ai ƙarancin ne ma ya sa zaman ya zama dole. Wanda ya gaji a zuci shi ke yi wa uwa tsawa, shi ke kuskuren awon magani, shi ke neman a mayar da shi Katsina. Uwar da aka yi wa tsawa kuwa ba ta dawowa, sai ta nufi mai kemis. Tun 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince cewa irin wannan gajiyar matsala ce da aiki ke haifarwa.

Roƙona ga Ma'aikatar Lafiya ta Jiha da Hukumar Lafiya Matakin Farko abu uku ne. A ware awa ɗaya duk wata cikin lokacin aiki domin wannan zama. A horar da manyan nas-nas da ungozomomi kan yadda ake jagorantarsa, kada shugaban da ke cike takardar ƙarin girman mutum ya zama shi ne mai sauraronsa. Inda hanya ba ta biyuwa a yi ta waya, a nemi taimakon ƙwararrun asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kaduna da Kware.

Mu kuma iyaye, in mun kai yaro, mu riƙa yi musu sannu da aiki, wallahi tana tasiri. Ma'aikatan lafiya da ke nan, ku faɗa mana gaskiya: in yaro ya rasu a hannunku, wa kuke gaya wa?

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya dawo mana da zaman lafiya.