Kimiyya Don Kowa: Hanta Mai Laushi Da Hanta Mai Tauri

A wannan mako filinmu zai duba wani abu da mahauta suka daɗe da saninsa da yatsunsu, amma masana kimiyya sai a 'yan shekarun nan suka gano zurfinsa.

Duk wanda ya san Mubi, garin da kasuwarsa ta shanu ke tara dabbobi har daga Kamaru da Chadi, ko ƙauyukan kewayenta irin su Mugulbu a Ƙaramar Hukumar Mubi ta Kudu, ya san gwanin mahauci ba ya yanke wa hanta hukunci da ido kawai. Danna ta yake yi. Idan lafiyayya ce, sai a ji ta da laushi da santsi. Idan kuwa tsutsar hanta ta daɗe a cikinta, sai a tarar ta yi tauri, da fararen jijiyoyi masu kauri a ciki. To, daga ina wannan tauri yake fitowa?

Jikin dabba da na ɗan Adam an gina su ne da ƙwayoyin halitta, amma ƙwayoyin ba a tare suke kamar tsabar gero a kwando ba. Akwai wata saƙa a tsakaninsu wadda ke riƙe su, kamar yadda kwaɓaɓɓiyar ƙasa ke riƙe tubali a gini. Babban zaren wannan saƙa shi ne abin da masana ke kira kolajin, wanda ya kai kusan kashi 30 cikin 100 na dukkan furotin ɗin da ke jikin mutum. Ba baƙonmu ba ne: shi ne ganda, shi ne ke sa farfesun ƙafar sa ya daskare idan ya kwana, shi ne kuma majema ke jemewa da bagaruwa ya zama fatar takalmi. Akwai kuma wani zaren mai talewa ya koma, ana kiransa ilastin, wanda ya yawaita a huhu da manyan hanyoyin jini. Yawan waɗannan zarurruka da yadda aka harɗa su, su ne ke sa ƙwaƙwalwa ta yi laushi, tsoka ta yi matsakaicin ƙarfi, jijiya ta yi tauri.

A da an ɗauka wannan saƙa madogara ce kawai. Amma a shekarar 2006, wasu masana a Jami'ar Pennsylvania ta Amurka, a ɗakin binciken Farfesa Dennis Discher, suka ɗauki ƙwayoyin asali na cikin ɓargo, waɗanda ba su riga sun zama komai ba, suka shimfiɗa su a kan abubuwa masu bambancin tauri. Waɗanda aka ɗora a kan mai laushi irin na ƙwaƙwalwa suka soma kama da ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, na kan matsakaici suka karkata ga tsoka, na kan mai tauri kuwa suka nufi zama ƙashi. Wato ke nan ƙwayar halitta tana jan abin da take zaune a kai, tana jin taurinsa, tana kuma sauya halinta a kan abin da ta ji.

A nan ne maganar ta shafi lafiyarmu. A cikin hantar mutum akwai wasu ƙwayoyi masu siffar tauraro, waɗanda aikinsu a lokacin lafiya shi ne ajiyar bitamin A. Idan hanta ta ji rauni, sai su farka su shiga zuba kolajin don ɗinke wurin, kamar yadda tabo ke fitowa a fata. Idan raunin na ɗan lokaci ne, babu laifi. Amma idan ya ɗauki shekaru, sai tabo ya hau kan tabo. Abin da ya fi muni, taurin da kansa yana ƙara zuga waɗannan ƙwayoyi su ci gaba da zuba kolajin. Saboda haka tauri alamar cuta ne, kuma mai rura wutarta ne. Idan abin ya yi nisa, jinin da ke tasowa daga hanji ya kasa ratsa hantar, sai ciki ya cika da ruwa, saifa ta kumbura, wani har ya yi aman jini. Galibin ciwon dajin hanta ma a irin wannan hantar yake tsirowa.

Me ke raunata hanta shekara da shekaru a ƙasarmu? Na gaba shi ne ƙwayar cutar hanta nau'in B. Binciken ƙasa da aka gudanar a shekarar 2018 ya nuna kimanin mutum 8 cikin 100 na 'yan Nijeriya masu shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da ita, da yawansu kuma tun suna yara suka kamu, ba tare da wata alama ba. Sai nau'in C, da shan giya, da kitse, da irin tsargiyar nan mai zama a hanji. Gyaɗa da masarar da suka yi fumfuna kuwa gubarsu tana ƙara haɗarin ciwon daji.

Labari mai daɗi shi ne, yanzu ana iya auna taurin hanta ba tare da an huda mutum ba. A farkon shekarun 2000 aka ƙera wata na'ura a Faransa mai suna FibroScan. Ana ɗora kanta a tsakanin haƙarƙari na dama, ta ɗan girgiza wurin, sannan ta auna saurin da girgizar ke ratsa hanta. Gwargwadon tauri, gwargwadon sauri. Lafiyayyar hanta takan nuna kusan 5 a ma'aunin kilofaskal, idan kuwa ta haura 12 ko 13, likita zai yi zargin tabo ya yi nisa.

Bugu da ƙari, tabon ba lallai ne ya dawwama ba. Wani bincike da aka buga a mujallar likitoci ta Lancet a shekarar 2013 ya bi masu nau'in B da suka yi shekara 5 suna shan maganin tenofovir. Daga cikin mutum 96 da hantarsu ta riga ta ƙanƙance da tabo, 71 an tarar sun fita daga wannan mataki. Idan an kawar da mai raunatawa, jiki da kansa yakan warware saƙar da ta wuce kima.

Saboda haka kiranmu ga jama'ar Mugulbu da sauran sassan ƙasar nan shi ne, kada a jira sai ido ya yi ɗorawa ko ciki ya kumbura, sannan a ce sammu ne a kama jiƙe-jiƙe. Gwajin jini ɗan kaɗan ya isa a san matsayi. Allurar rigakafin nau'in B tana cikin jerin na yara a Nijeriya tun 2004, ta farko kuma an fi so a yi wa jariri cikin awa 24 da haihuwa, har wanda aka haifa a gida. A guji haɗa aska da reza. Hukumomi kuma su dubi nisan da ke tsakanin mutumin ƙauye da wurin awon nan. Da ma an ce rigakafi ya fi magani.

Allah ya ƙara mana lafiya, amin. Sai mako mai zuwa.