Karatu ta intanet: ina rabon naƙasassunmu na kudu?

Duk wanda ya taɓa kai yaro neman gurbin karatu ko tallafin gwamnati a Legas, Ibadan ko Fatakwal ya san tambayar farko da ake yi masa: ina takardar asalin ƙaramar hukuma? Yaron da aka haifa a Sabon Ibadan, uwarsa ma nan aka haife ta, sai a ce ya koma Kano ko Sakkwato ya karɓo takarda. Idan kuma Allah ya jarrabi yaron da makanta ko kurumta ko gurgunta, wahalar ta ninku, domin makarantun naƙasassu irin su Pacelli ta makafi da Wesley ta kurame da ke Surulere ba za su iya ɗaukar kowa ba.

Shi ya sa da yawanmu muka yi murna da karatu ya fara komawa intanet. Shafin intanet ba shi da matakalar bene, ba ya buƙatar a goya gurgu a kan acaɓa daga Agege zuwa Yaba, kuma kwamfuta ba ta tambayar garin kakanka. Buɗaɗɗiyar Jami'ar Ƙasa, wato NOUN, wadda aka kafa a 1983 zamanin Shagari, aka dakatar da ita a 1984, sannan Obasanjo ya farfaɗo da ita, ta mayar da darussanta da dama kan intanet. Hukumar JAMB ta koma jarrabawa da kwamfuta gaba ɗaya tun 2015. Da cutar korona ta rufe makarantu a 2020, har ƙananan makarantun kuɗi na unguwanninmu sun koma aika darasi ta WhatsApp. To amma sau da yawa masu tsara waɗannan darussa sun manta akwai ɗalibin da ba ya gani ko ba ya ji.

Ga yadda abin yake. Makaho yana karatu a kwamfuta ne da manhajar da ke karanta masa abin da ke kan allo da murya. Akwai JAWS mai tsada, akwai NVDA wadda wasu makafi biyu 'yan Ostireliya suka ƙirƙira kuma kyauta ce, a wayar Android kuma akwai TalkBack. Wannan manhaja rubutu take karantawa, ba ta ganin hoto. Malami ya ɗauki hoton tsohuwar takardar laccarsa da waya ya ɗora, mai ido ya karanta, makaho kuwa ya ji shiru kamar ba a ɗora komai ba. Haka nan maɓallin da ba a rubuta masa suna ba, manhajar sai dai ta ce “maɓalli”, ɗalibi bai san ko na aikawa ne ko na gogewa ba. Ga kuma karkatattun haruffan nan da ake cewa ka kwafa don tabbatar da kai mutum ne. A nan makaho ke tsayawa cak, sai ya nemi mai ido, ya miƙa masa lambar sirrinsa, wani lokaci har da ta biyan kuɗin makaranta.

Kurma kuwa bidiyo ne matsalarsa. Lacca ta minti 40 babu rubutu a ƙasa, babu mai fassara da hannu, sai kallon leɓen malami. Wanda shan inna ta taɓa hannunsa ba ya iya riƙe linzamin kwamfuta, da madannai yake aiki, kuma agogon jarrabawa ba ya jiransa.

Abin takaici, gyaran ba shi da tsada idan aka yi shi tun farko. Tun 1999 akwai ƙa'idojin duniya da ake kira WCAG waɗanda suka bayyana yadda ake gina shafi kowa ya iya amfani da shi. A buga lacca a matsayin rubutu, a rubuta bayanin kowane hoto, a sa rubutu a ƙasan bidiyo, a ƙara wa mai buƙata lokaci. JAMB kanta ta nuna ana iyawa, domin a 2017 ƙarƙashin Farfesa Is-haq Oloyede ta kafa kwamiti na musamman, bisa jagorancin Farfesa Peter Okebukola, da ke shirya wa makafi jarrabawarsu. Amma mene ne amfanin yaro ya ci JAMB idan ya shiga jami'a ya tarar ko rajistar kwasa-kwasai ba zai iya yi da kansa ba?

Kada wani ya ɗauka alfarma muke roƙo. Nijeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu a 2010. A watan Janairun 2019 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci, wadda ta ba su haƙƙin ilimi ba tare da wariya ba, kyauta har ƙarshen sakandare, kuma a 2020 aka kafa hukumar kula da su ta ƙasa. Jihar Legas ma tana da tata dokar tun 2011 da ofishin LASODA. Sashe na 42 na tsarin mulki kuwa ya haramta nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda ƙabilarsa ko asalin garinsa. Doka tana nan, masu kai ƙara ne babu.

A nan ne laifi ya dawo kanmu. Mun saba ganin naƙasasshen Bahaushe a kudu a bakin titi ko a gidan Okobaba da ke Ebute Metta, har mun ɗauka bara ce sana'arsa ta gado. Muna tara kuɗi don naɗin sarauta, amma ƙungiyoyinmu nawa ne ke da jerin sunayen yaranmu makafi da kurame da suka isa shiga makaranta? Sarkin makafi da sarkin guragu sun san kowane gida, a zauna da su a rubuta. Duk ɗalibin da shafin makarantarsa ya gagare shi, ya kawo wa sakatare bayanin inda ya maƙale, ƙungiya ta rubuta wa shugaban makarantar takarda, ta aika kwafi ga LASODA ko hukumar ƙasa da ke Abuja. Matasanmu masu gyaran waya a Ikeja da Sabo kuma su koyi kunna TalkBack da ɗora NVDA, domin aikin 'yan mintoci ne. Islamiyyoyinmu da ke aika karatu ta waya su ma su riƙa haɗa murya da rubutu, don makaho ya ji, kurma ya karanta.